Kawu Tela da Ɗan Mishan

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu, ƙanin Innata, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, yana zaune gaban keken ɗinkinsa a bayan shagon wankin kaya da ke gabashin Greensboro ta Amurka, riƙe da wandon wani da bai gama kalmashe masa ƙafa ɗaya ba. Mai shagon ce ta bugo mini waya. Yau kwana arba'in ke nan, kuma sai yanzu na iya riƙe biro. Ina rubutawa ne saboda 'ya'yana, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, don kada su girma su ji rabin labari a bakin wani.

Kafin azahar falonmu ya cika. Hajiya, wadda ta fi kowace mace a cikinmu daɗewa a ƙasar nan, ta shigo tana kuka, tana cewa wa kuma zai ƙara buɗa mata riga ba tare da ya ce ta yi ƙiba ba. Wani ɗalibi ɗan Nijar ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai maimaitawa yake da Faransanci gauraye da Hausa, "Se pa posibil, jiya-jiyan nan ya ba ni goro." Maƙwabciyarmu, baƙar Ba'amurkiya mai zuwa coci Lahadi da Laraba, ta kawo tukunyar kaza ta ajiye a kicin, ta rungume ni.

Maigidana da Malam suka tafi ɗakin da Kawu yake haya don su ɗauko fasfonsa da takardun da masu ajiye gawa suka nema. Malam shi ke jan mu salla a ɗan gidan da muke Juma'a. Bakano ne, yana karatun injiniya, ya girme ni da kaɗan, mutum mai tsoron Allah da tsoron kuskure. Da suka dawo na ga Maigida ya kasa haɗa ido da ni. Malam ya ajiye wani littafi mai shuɗin bango a kan tebur, ya zaro hoto daga cikinsa.

"Hajiya, Anti, ku zo ku gani," ya ce da ni da Hajiya. "A gefen gadonsa muka samu. Littafin 'yan cocin Momon ne, ko'ina an ja layi."

A hoton, Kawu ne tsaye cikin farin kaftani a bakin wani kwarmin ruwa mai matakala, a cikin coci. Kusa da shi wani Bature matashi, shi ma fari fat daga wuya har ƙafa, gashinsa a jiƙe, ya dafa kafaɗar Kawu. Dukansu biyu suna dariya.

"Wurin baftisma ne wannan," in ji Malam. "Farare suke sawa in za su shiga ruwan. Ni fa ban ce komai ba, wallahi ban ce ba. Amma rabon Baba da Juma'a an fi shekara uku. Yanzu ga wannan. Ta yaya zan tsaya gaban gawa in yi kabbara ban san a kan me ya cika ba? Risponsibiliti ne a wuyana."

"Kai Malam, ka ji tsoron Allah!" Hajiya ta ce.

"Tsoron Allah ne ya sa nake faɗa, Hajiya."

An riga an shirya kabari don gobe bayan azahar. Malam ya ce zuwa hantsi, in ba a samu abin da zai kwantar masa da zuciya ba, shi ba zai yi wanka ba, ba zai ja salla ba. Wanda ya ga zai iya, bismilla. Mazan suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya taɓa wanke gawa a cikinsu sai shi, babu kuma mai son ɗaukar abin da Malam ya ajiye.

Ni da aka sani da baki, ya kamata in miƙe in yi masa tatas. Na kasa. Domin na san fuskar da ke cikin hoton nan, kuma tambayar da Malam ya yi a fili, ni shekara biyar ina ɓoye da ita a ciki.

Kawu ya zo garin nan a ƙarshen shekarun saba'in. Masaƙar da yake aiki a Kaduna ce ta turo shi kwas, da yake Greensboro garin masaƙu ne. Kwas ya ƙare, matarsa ta riga ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ni kuma na iso wajen Maigida da ke karatun noma a jami'ar gabashin gari. Sai Kawu ya ce wa zai koma wa? Ya koma sana'ar ubansa, ɗinki, a wani lungu na shagon wanki. Da allurai a baki yake magana, sai ka saba kake gane shi. Ba ya zama a kujera mai laushi, ya ce tana lalata baya da hali. In mutum ya rage wa kansa ƙugu wajen faɗin awo, sai ya ce, "Yadi ba ya ƙarya, mai shi ne ke yi." In ya ga na ɗauki zafi da Maigida kuwa, ya ce, "'Yar nan, ɗinkin fushi warwara ake yi." Goron da ake aiko masa daga gida, da reza yake yanka shi ƙanana-ƙanana, amma duk wanda ya shigo sai ya samu.

A shagon nan ya gamu da yaron da ke cikin hoton. 'Yan mishan ɗin nan biyu-biyu suke yawo a kan keken hawa, farar shat, laktaye, da baƙar alama a ƙirji mai ɗauke da suna. Litinin ce kaɗai ranar da aka ba su su yi wanki su rubuta wasiƙa gida. Wata Litinin biyu suka shigo, ɗaya da wando a hannu, sarƙar keke ta ci masa ƙafa. Kawu ya karanta alamar ƙirjinsa, ya tambayi ma'anar kalmar farko. Aka ce dattijo. Haka ake kiran kowane ɗan mishan nasu. Ya tambayi shekarunsa, aka ce goma sha tara. Kawu ya yi dariya har allurai suka zube. "To dattijo, ina ka baro gemun?" Yaron ya yi jajur har kunne. Ɗan manoman dankali ne daga jihar Idaho, kuma daga baya ya faɗa mana bai taɓa zama da Musulmi ba sai ranar. Kawu ya gyara wandon, ya ƙara masa ƙyalle ta ciki inda sirdi ke ci, ya ce ya kawo sauran. Tun daga nan muka sa masa Ɗan Kawu, sunan kuma ya bi shi.

Kawu ne ya ɗora mini ciyar da su duk Alhamis, bai ko nemi shawarata ba. "Dubi wuyansa kamar na zakaran da ya sha jinya," ya ce. A teburina na san yadda rayuwarsu take. Su tashi da sassafe, su yi addu'a da karatu, su hau keke su yi ta buga ƙofofin mutane har yamma. Ba talabijin, ba rediyo, ba budurwa. Kowannensu sau biyu zai ji muryar uwarsa a shekara. Kuma ba ya rabuwa da abokin tafiyarsa ko na minti ɗaya. In ɗaya ya shiga bayi, ɗayan na tsaye a ƙofa. Hajiya tagwaye take ce musu. Sau uku aka canja wa Ɗan Kawu aboki, shi aka bar shi wata tara a garin nan.

Yakan ba mu labarin ƙofofi yana ci. A unguwar Irving Park 'yar aiki ce ke buɗewa, ta ce masu gida ba sa nan, ga kuwa motocinsu a fake. A Sedgefield kare ya taɓa bin su har bakin filin ƙwallon attajirai. A unguwarmu ne ake ba su ruwan sanyi, a zaunar da su a baranda, a ƙare musu kallo, sannan a ce a gaida gida. Wata bakwai bai samu mutum ko ɗaya da ya shiga addininsu ba, kuma duk mako sai ya rubuta wa shugabansu abin da ya yi. Na lura da faratansa, duk ya cinye su.

Ranar farko na kusa korarsu. Na dafa shayi mai kyau, da citta da kanumfari, na zuba a kofunan da ba na fitarwa sai ga manya. Suka dubi juna, Ɗan Kawu ya ce in yi haƙuri, addininsu ya hana shayi da kofi. Ban taɓa jin inda baƙo ya mai da shayi ba. Na juya wajen Kawu na ce da Hausa, "Ƙyanƙyaminmu suke yi."

"Bar su, 'yar nan. Kowa da haramunsa. Ke in sun ba ki naman alade za ki ci don kara?"

Daga nan na koma dama musu kunun gyaɗa da man gyaɗan kwalba. Ɗan Kawu kan sha kofi uku, ya share baki da bayan hannu kamar ɗan ƙauyenmu.

Wa'azi kam yana yi, ba ya fashi. Bayan an ci abinci zai fito da hotuna da littafin nan, ya faɗi darasinsa da ka. Kawu ya karɓi littafin, yana karantawa da ƙamus a gefe, yana jan layi duk inda zai yi gardama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yaron ke maganar wani ɗumi. Ya ce in ya yi addu'a da gaske, wani ɗumi kan cika masa ƙirji, ta nan yake gane Allah na amsa masa. Kafin su shiga kowane layi sukan tsaya a kwana, su sunkuyar da kai, su jira shi. Ya ce ranar da ya shiga shagon Kawu ya ji shi, shi ya sa ya tabbata aiko shi aka yi wajensa.

"Yajin 'yar nan ne," in ji Kawu. "Ni ma ina jin sa duk Alhamis."

Muka yi dariya, har da yaron. Amma ni dariyata ba ta kai ciki ba. Ban ji daɗin wani ya ce an aiko shi wajen kawuna ba.

Rigimarsu ɗaya ce, kuma babba. Masu kawo ɗinki sun gaya wa Kawu cewa sai kwanan nan cocin yaran ya yarda baƙar fata ya riƙe limanci. Wata Alhamis, ana tsakiyar darasi, Kawu ya rufe littafin.

"Dattijo, da shekara uku baya na zo cocinku, a ina za ka zaunar da ni?"

Abokin tafiyar ya fara zuba amsar da aka koya musu. Kawu ya ɗaga masa hannu. "Ba kai ba. Shi."

Ɗan Kawu ya dubi kofinsa. Sannan ya ce, "Ban san dalili ba, Baba. Na tambaya, ban samu abin da ya ishe ni ba."

"Ka baro uwarka, ka ƙetare ƙasa, kana buga wa baƙaƙe ƙofa, a kan ban sani ba?"

Ban taɓa jin muryar Kawu haka ba. Ya ce su kai wandunansu wani wuri. Suka fita ba su ƙarasa kunu ba. Wallahi a ranar murna na yi, na ce Allah Ya raka taki gona. Mako uku ba su zo ba. Kawu kuwa ya yi ta ɓata ɗinki yana warwarewa, yana yi wa mai shago faɗa a kan zare.

A Alhamis ta huɗu, da la'asar, sai ga su. Yaron ya rame, leɓensa ya bushe. Ashe azumi yake ta yi irin nasu, daga yamma zuwa yamma ba ci ba sha, fiye da yadda aka ɗora musu. Abokin ya zauna a bakin ƙofa, ni ina kicin ina jin komai. Ya ce wa Kawu tun ranar nan ɗumin ya ɗauke. Yana durƙusawa ya yi addu'a, sai ya ji kamar bango yake wa magana. Ga shi kullum yana tsayawa ƙofar mutane yana cewa "na sani, na tabbata," yana tsoron ya zama maƙaryaci a gaban Allah. Yana son komawa gida, amma a garinsu wanda ya dawo kafin shekara biyunsa su cika, uwarsa ba ta ƙara ɗaga kai a coci. Yana faɗa yana kuka, ba irin kukan yara ba.

Na leƙo na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kawu, ga dama ta samu. Ka kira shi Musulunci."

Ya harare ni. "Ba a ciniki da mai zazzaɓi. Je ki ɗumama masa abinci."

Na koma, amma kunnena na falo. Cikin Turancinsa mai ɗingishi Kawu ya gaya masa abin da ni ban taɓa ji ba: da matarsa ta rasu, shekara guda yana salla kamar itace, goshi a ƙasa, zuciya ba ta ko motsi. Bai daina ba, har ranar da ta motsa da kanta. "Abin da ka sani ka faɗa," ya ce. "Abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba, kamar yadda ka gaya mini. Na yi fushi, amma a ranar ne na san ba ka ƙarya. Yanzu ka ci abinci, Allah ba Ya bukatar yunwarka ta kai haka."

Sai yaron ya roƙi a yi addu'a. Ya durƙusa a kan dardumar falona, ya harɗe hannu a ƙirji yadda suke yi. Na leƙo ta ƙofar kicin na ga Kawu ya sauko ƙasa kusa da shi, ya buɗe tafukansa. Yaron ya yi ta roƙon haske, ya roƙa wa Kawu lafiyar ido, ya rufe da irin rufewarsu. Kawu ya shafa fuska ya ce amin.

Ludayi na hannuna, na tsaya ina kallonsu. Ranar ce shakka ta shige ni. Wace 'ya ce za ta dubi ƙanin uwarta ta ce, Kawu, har yanzu kana nan a kan addini? Ban tambaya ba. Na dai koma sa ido. In ya zo gidanmu lokacin salla ya yi, na ce ko don idona ne. In ya makara, gabana ya faɗi. Da ya daina zuwa Juma'a, na san dalilin da ya bayar: Malam ya yi masa gyara a gaban yara a kan sakin hannu da yake yi a salla, yadda ya taras da iyayensa suna yi, Kawu kuwa ya ce ɗan da aka haifa jiya ba zai koya masa tsayuwa ba. Na san wannan sarai. Amma mai shakka ba ya ƙoshi da dalili ɗaya. Yaron ya gama wa'adinsa ya tafi, katinsa na zuwa duk ƙarshen shekara, ni kuma ina nan da abina ina kai wa Kawu tuwo duk Lahadi, ina satar kallon ɗakinsa.

To wannan ce fuskar da ke cikin hoton. Washegarin rasuwar, da gari ya waye, na ce wa Maigida mutum ɗaya ne ya san gaskiya. Muka samo adireshin Ɗan Kawu a bayan katinsa, ma'aikaciyar waya ta nemo mana lamba. Malam ya zo, da Hajiya da wasu maza uku. Muna da kan waya biyu, ɗaya a falo, ɗaya a kicin. Na ce Malam ya ɗauki na falo ya ji da kunnensa, kada a ce na ƙara gishiri.

Na juya lambobin. Ba ƙaryar yaron nake tsoro ba, ƙaunarsa nake tsoro. Yana iya cewa, da kyakkyawar niyya, "A zuciyarsa yana tare da mu," yana ganin yabo ya yi. Wannan kaɗai ta isa a binne Kawu ba salla.

Matarsa ce ta ɗauka, ana jin kukan jariri. Ta kira shi daga waje. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ya ce da Hausar da Kawu ya koya masa, "Anti! Ina gajiya?" Na gaya masa. Na ji ya ja kujera ya zauna.

Na ce akwai limaminmu a kan layi, akwai kuma hoto. Na kwatanta masa. Ya gane nan take. Ya ce mutum ɗaya tak ya yi wa baftisma a Greensboro, a watansa na ƙarshe, wani direban babbar mota, ƙato ne har babu fararen kayan da suka shige shi a cocin. Kawu ne ya ɗinka masa cikin yini ɗaya. Ranar da ya kawo kayan ta dace da Sallarmu, daga idi ya wuce, shi ya sa yake cikin farin kaftani. Bai shiga ba sai da aka gama. Ya jira a waje, ya ce yana son ganin ko ɗinkin ya riƙe bayan ya jiƙe.

Na ji numfashin Malam a ɗaya kan wayar. Ya yi gyaran murya ya ce cikin Turanci, "Na ji na hoto. Amma ina tambayarka, tsakaninka da Ubangijinka. Mutumin nan ya taɓa karɓar addininku, ko a ɓoye? Ko ya nuna maka zai karɓa?"

Na jingina da firji ina jiran amsa.

"A'a," ya ce. "Na so. Allah Ya sani na so. Na roƙe shi har na daina ƙirgawa. Kullum sai ya ce na gode, ina da nawa. Sau da yawa ina cikin darasi a shago zai ce in dakata, ya shimfiɗa ƙyalle a bayan injin guga ya yi sallarsa, ni ina tsare masa ƙofa."

Ya ja numfashi. "Akwai wani abu kuma. A wajenmu, in mutum ya mutu bai shiga ba, wani mai rai yana iya shiga ruwa da sunansa, shi kuma a can ya karɓa ko ya ƙi. Makon da zan tafi na gaya masa, ina ganin albishir nake yi. Na ce ko bayan ransa ba zan manta da shi ba. Sai ya ajiye almakashi, ya kama hannuna da ƙarfi. Ya ce, 'Da kalmata na zo, da ita zan koma. Kada ka jiƙa mini suna.' Bai sake ni ba sai da na yi masa alkawari da darajar mahaifiyata."

Muryarsa ta karye. "Shi ne abu ɗaya da nake da shi da zan iya ba mamaci. Ya karɓe shi daga hannuna tun yana da rai. Yanzu ya mutu, ba ni da abin da zan yi masa."

Na ji an ajiye kan wayar falo a hankali. Ta ƙofa na hango Malam tsaye, ya rufe fuska da hularsa. Sannan ya ce, "Astagfirulla. Astagfirulla. Baba ya yafe mini." Ya fara naɗe hannun riga. "Ku tashi mu je wanka. A kira kowa, a ce salla bayan azahar."

Ni kuwa na sulale na zauna a ƙasan kicin, wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa. A cikin sanyin nan kunya ta kama ni, don wanda bai yi shakka ba ba ya jin irin wannan sauƙi. Hajiya ba ta ji irin wannan sauƙin ba; ita tsaki kawai ta ja ta ce, "Da ma na gaya muku." Malam ya yi shakkar yini ɗaya, ya faɗe ta a fili, ya tuba a fili. Ni na yi ta shekara biyar, ina durƙusawa ina gaishe shi, kuma na tabbata Kawu ya gani a idona, bai taɓa ce mini komai ba.

Wayar na kunnena har lokacin. "Anti? Za su yi masa salla?"

Na ce za su yi.

"To ku tafi," ya ce. "Ya gaya mini ba kwa barin gawa tana jira."

Sahu uku aka yi. Malam da hannunsa ya sa shi a kabari, ya juyar da fuskarsa gabas. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ɗinkin da ya yi wa tsiraicin bayinSa ya zama sutura gare shi ranar da kowa ke neman sutura. Ni kuma Allah Ya yafe mini zaton da na yi.

Har yanzu ban daina fargaba ba, sai dai ta canja wuri. Nakan tuna cewa can a Idaho akwai mutumin da ya yi imani da zuciya ɗaya cewa ceton Kawu na hannunsa, ruwan na kusa da shi, sunan na bakinsa, babu kuma wanda zai sani in ya yi. Nakan tambayi kaina ko zai iya riƙewa har ƙarshen ransa. Sai in tuna irin wannan tambayar ce na yi a kan Kawu, in yi shiru. Kawu ya yarda da alkawarinsa. Ni ma bari in koyi yarda da mutum tun yana da rai.